Me Ya Hana Manhajar Biyan Kuɗi Tsallaka Iyaka?

Duk mai cin kasuwar Jibiya ko Illela ya san da wuya ka wuce rumfa biyar ba ka ga mai POS ba. To amma da zarar ɗan kasuwa ya tsallaka Maraɗi ko Birnin Ƙonni, manhajar da ke wayarsa ba ta da sauran amfani, dole ya nemi ɗan canji. Dalili kuwa shi ne kamfanonin da ke ƙirƙiro waɗannan manhajoji, kowanne da kuɗi da dokar ƙasarsu yake aiki.

A Najeriya yawan jama'a ne babban jarinsu. Shi ya sa a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas kan sama da dala miliyan 200, a 2022 kuma aka yi dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha. Sai dai faɗuwar naira tun 2023 na cinye ribar masu zuba jarin dala.

A Nijar kuwa, sefa ɗaure take da yuro, ba ta rawa irin ta naira, amma masu saye ba su kai na Najeriya ba, ƙa'idojin kuɗi kuma daga babban bankin BCEAO da ke Dakar suke fitowa. Kamfanonin aika kuɗi masu ofisoshi gari-gari, irin su Nita da Amana, su jama'a suka fi sabawa da su.

Kamaru ma sefa take ci, amma ta bankin BEAC, wadda ba ɗaya take da ta Nijar ba. A 2017 gwamnati ta katse intanet kimanin wata uku a yankin masu magana da Ingilishi, abin da ya durƙusar da matasan kamfanonin garin Buea. Ita kuwa Ghana, tun 2018 ake tura kuɗi daga layin wani kamfani zuwa na wani, kuma a 2025 ta soke harajin da ta ɗora wa tura kuɗin a 2022.

A 2022 aka ƙaddamar da tsarin PAPSS a Akara domin kowa ya biya da kuɗin ƙasarsu. Kafin amfaninsa ya game rumfunan bakin iyaka, duk wanda aka tallata masa sabuwar manhaja ya tambaya: wace hukuma ta ba ta lasisi, nawa take cirewa, a wane farashi take canji?