Makullin da ke buɗe mota amma ba ya tada ta

Wani ɗan kasuwa na Tanut ya sayi mota tsohuwar hannu a Damagaram. Makulli ɗaya tak aka ba shi. Kafin ya kama hanya sai ya biya wajen mai yankan makulli, aka yanka masa wani irinsa sak. Ya gwada shi a ƙofa, ƙofa ta buɗe. Ya jefa shi aljihu, hankalinsa kwance.

Bayan wata biyu, a kan hanyar Balbeji, ya tsaya bakin wata rijiya don ya yi alwala. Makullin asali ya faɗi cikin rairayi. Aka tona, aka rairaye ƙasa da hannu, ba a gan shi ba. Ya ɗauko na aljihu ya sa, ya murɗa. Ƴan fitilun gaban direba suka kama, inji ya yi ta gurnani, amma ya ƙi tashi. Makiyayan da suka zo shayar da dabbobi suka taya shi turi har suka gaji. Motar ta kwana uku a nan, da buhunan hatsi a cikinta, kafin a zo da mai gyara daga birni.

Ba batir ne ya mutu ba, ba kuma mai ne ya ƙare ba. Motar ce ba ta san makullin ba.

Makullin mota, wanda ake kuma ce wa lakile, kashi biyu ne: ƙarfe da kai. Ƙarfen yana da haƙora. Cikin ramin da ake zura shi akwai ƴan siraran ƙarafa a jere, waɗanda ke tokare kwaɗon don kada ya juya. Idan haƙoran suka dace, sai su ture kowane ɗaya zuwa mazauninsa, kwaɗo ya juya. Idan haƙori ɗaya ya yi tsawo ko ya yi gajarta, ba ya juyawa.

A motocin dā, irin su Peugeot 404 da 504 da tsofaffin Land Rover da suka daɗe suna keta rairayin Damargu, aikin makulli ke nan duka. Kowane ƙarfe mai haƙora daidai yana tada su. Ɓarawo ma ba ya bukatar makulli, wayoyi kawai zai haɗa ya tafi abinsa.

A manyan biranen Amurka da Turai akwai wata al'ada. In mutum ya iso ƙofar babban otal, sai ya sauka ya miƙa motarsa ga wani ma'aikaci ya kai ta wurin ajiya. Ana kiran ma'aikacin nan valet, kalmar Faransanci ce mai nufin bara. To, mai mota yana so baran ya tuƙa, amma ba ya so ya buɗe masa kaya. Don haka kamfanoni suka riƙa haɗa mota da wani makulli na dabam, makullin bara. Yana buɗe ƙofar direba, yana tada inji. Amma ba ya buɗe ma'ajiyar kaya ta baya, ba ya buɗe ɗan akwatin gaba inda ake ajiye takardu. Dabarar ba ta da wuya: an ɗan sāke siffar ƙarfensa, har ya zama ba ya shiga waɗannan kwaɗuna biyu, ko kuwa ya shiga amma ya ƙi juyawa. Kamar dai maigida ya ba baƙo makullin zaure, ya riƙe na ɗakin ajiya.

Ashe ke nan makullin bara na gaskiya yana tada mota, don abin da aka yi shi ke nan. In an ga makullin da ke buɗe ƙofa amma ya kāsa tada inji, laifin ba na haƙora ba ne. Sai a duba kan makullin.

Da satar motoci ta yi yawa, sai maƙera mota suka nemi magani. A shekarar 1986 kamfanin General Motors na Amurka ya dasa wata ƴar ƙwaya a jikin makullin motarsa Corvette. Ƙwayar iri 15 ce, mota kuwa iri ɗaya kawai take karɓa. Daga baya aka samo wadda ta fi ta. Tun Janairun 1998 doka ta hana sayar da sabuwar mota a Jamus in ba ta da na'urar hana tashi, kuma cikin wannan shekara dokar ta game ƙasashen Tarayyar Turai. Motoci da yawa da aka yi amfani da su a can, aka sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome, su ne suka iso kasuwannin Nijar da wannan na'ura a cikinsu.

Ga yadda take aiki. Cikin robar kan makulli an ɓoye wata ƙwaya, girmanta kamar na wake. Ba ta da batir. A bakin ramin makulli, kusa da sitiyari, akwai zoben waya. Da an zura makulli, zoben zai aika da igiyar rediyo marar ƙarfi. Igiyar ce ke farkar da ƙwayar, ita kuma ta amsa da wata lamba. Kwamfutar motar, wadda masu gyara ke ce wa ƙwaƙwalwa, sai ta duba: lambar nan tana cikin waɗanda aka koya mata? In tana ciki, ta saki mai da wuta, inji ya tashi. In ba ta ciki, ta tsare su. Duk wannan yana faruwa kafin direba ya gama murɗa hannunsa.

Duk yaron da ya yi kiwo ya ga irin wannan. Tunkiya takan shinshina ɗan rago kafin ta bar shi ya sha. Ko launinsa da girmansa sun yi daidai da na ɗanta, in ba ta ji ƙanshin da ta sani ba sai ta ture shi. Makullin ɗan kasuwan nan ya yi kama da na asali, amma ƙarfe ne zalla, ba ƙwaya a kansa. Shi ya sa turi bai yi amfani ba: ƙafafu suna juya inji, amma mai ba ya zuwa.

Motoci sun bambanta wajen ƙi. Wata takan yi gurnani ba ta tashi, wata ta tashi ta mutu nan take, wata kuwa ko motsi ba ta yi. Sau da yawa wata ƴar fitila mai hoton makulli takan yi ta ƙiftawa a gaban direba. Ko makulli mai ƙwaya yakan gaza, in ba a koya wa kwamfutar lambarsa ba, ko in ƙwayar ta zube lokacin da robar ta tsage. Haka kuma in an ɗaura makullan motoci biyu a zobe ɗaya, wani lokaci amsoshinsu sukan cakuɗe.

Wasu sukan ciro ƙwayar su manne ta a jikin zoben waya, don kowane yankakken ƙarfe ya tada motar. Abin yana yi, amma fa ya sauƙaƙa wa ɓarawo aiki kamar yadda ya sauƙaƙa wa mai ita.

Akwai kuma abin da ya kamata mai sayen mota ya lura da shi. A motocin Toyota da yawa na wajen shekarar 2000, babban makulli baƙin kai gare shi, na bara kuwa ruwan toka. In an zura baƙin, fitilar tsaro takan mutu nan da nan. In mai ruwan toka ne, takan ɗan jima kaɗan kafin ta mutu. A irin waɗannan motoci, da babban makulli ake koya wa kwamfuta sabon makulli, na bara ba shi da wannan iko. Wanda aka ba mai ruwan toka kaɗai zai yi ta tuƙi lafiya, har ranar da ya so ƙara wani. Ran nan sai an nemi gwani mai na'ura ta musamman, kuɗin kuwa ya ninka na yankan ƙarfe sau da yawa.

Saboda haka direban da ya san aikinsa, kafin ya biya kuɗin mota, yakan tambayi makulli nawa ne, ya gwada kowanne a ƙofa, da ɗan akwatin gaba, da ma'ajiyar baya. Sa'an nan ya ajiye sauran nesa da sitiyari, ya tada inji da kowanne shi kaɗai, ya bar shi yana aiki kamar minti ɗaya.