Gayyar matasa tsakanin ƙasashe: wa zai zama mai gayya?

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda gayya take. Samari su fito da hauya su nome gonar da ba tasu ba, babu lada babu jinga. Amma kuma kowa ya san gayya ba ta yiwuwa sai da mai gayya, wanda zai sa rana, ya nuna iyakar gona, ya tanadi fura da goro. Wannan tanadi shi ne abin da aikin sa kai na matasa ya fi rasawa a ƙasashenmu, musamman idan ana son matashi ya ƙetare iyaka ya yi wa wata ƙasa aiki.

A nan Nijar mun ga ƙarfin samari da idonmu. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da samariya, aka gina azuzuwan lakwal, aka haƙa rijiyoyi, aka dasa itatuwa. Sai dai samariya ta jingina ne da mulkin da ya raya ta. Da aka yi babban taron ƙasa na 1991, jam'iyyu suka yawaita, sai ta yi sanyi.

Baƙin da suka zo mana daga ƙetare kuwa sun daɗe. Shugaba Kennedy ya kafa Corps de la Paix a 1961, samarin Amurka suka fara sauka Nijar a 1962, kuma fiye da 3.000 ne suka yi aiki a garuruwa da ƙauyukanmu kafin a janye su a Janairun 2011, bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai. Faransa ta kafa tata ƙungiya a 1963, Japan a 1965, Majalisar Ɗinkin Duniya a 1970. Ba wai samarinsu sun fi namu zuciya ba ne. Abin da ke akwai, bayan kowane ɗayansu akwai hukuma: ta koya masa harshe, ta biya kuɗin jirgi da na abinci, ta kula da shi in ya yi ciwo, ta ba shi ɗan abin kama sana'a ranar da ya koma gida.

Afirka ma ta gwada. Tun 1987 Najeriya ke tura likitoci da malamai da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da na Karibiyan da na Pasifik, su yi shekara biyu, ita ce kuma ke ɗaukar nauyinsu. A 2010 CEDEAO ta buɗe shirinta na masu aikin sa kai a Monrobiya, domin ƙasashen da rikici ya raunana: Laberiya, Saliyo, Gine da Gine Bisau. A Disamban shekarar, Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da nata shirin a Abuja, wanda ke aika matasa masu ilimi su yi wata 12 a wata ƙasa. Ƙasashe kuma suka shiga kafa hukumomin gida: Burkina Faso ta yi dokarta a 2007, Mali ta buɗe cibiyarta a 2011, Nijar da Togo suka kafa hukumominsu a 2014, tamu ita ce ANVD.

To, jama'a, kafa hukuma daban, riƙe ta daban. Abu huɗu ne ke tsayar da irin wannan aiki da ƙafafunsa. Na fari doka, wadda za ta fayyace matsayin mai aikin sa kai, da haƙƙinsa, da tsawon wa'adinsa. Na biyu kuɗi daga baitulmalin ƙasa. Shirin da ya dogara ga masu ba da agaji kawai, ranar da suka naɗe tabarmarsu ranar zai mutu. Kwaɗon da ke jiran ruwan wani ba ya kuka da lokacinsa. Na uku yarjejeniya tsakanin ƙasashe a kan takardar zama, da magani, da amincewa da takardun shaidar karatu, don kada ungozomar da ta yi karatu a Damagaram ta isa Mobti a ce ba a san takardarta ba. Na huɗu, abin da zai tarye matashi idan ya dawo: a lissafa masa shekarunsa a jarrabawar shiga aikin gwamnati, ko a ba shi jari.

Akwai kuma rami da ya kamata a kauce masa. A 1998, lokacin da asusun gwamnati ya ƙafe, an fara ɗaukar malaman lakwal da sunan masu sa kai, a kan kuɗi ƙasa da albashin cikakken malami nesa ba kusa ba. Azuzuwa sun ƙaru, gaskiya ne, amma daga nan aka gaji matsalar malaman kwantaragi da yajin aikin da ya yi ta cinye karatun yara shekara da shekaru. Idan aka mayar da sa kai hanyar samun ma'aikaci mai arha, matashi zai gane, kuma ba zai sāke ba da zuciyarsa ba. Ma'aikacin gwamnati ma zai riƙa kallonsa a matsayin kishiya.

Tun Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO, suna cikin ƙawancen AES. Kowace ta riga ta kafa hukumar sa kai, kuɗinsu ɗaya ne, matsalolinsu na ƙarancin malamai da ma'aikatan jinya da zaizayar ƙasa kusan iri ɗaya ne. Babu abin da ya hana hukumomin uku su zauna su tsara musayar matasa, a fara da kaɗan, a wuraren da tsaro ya samu. Maƙwabtan kudu ma bai kamata a rufe musu ƙofa ba, tunda Maraɗi da Katsina ba su taɓa jiran izinin kowa ba wajen zumunci.

Ƴan kasuwa na da rawar takawa. Alhajin da ke da abokan ciniki a Bamako ko Kano ya san darajar yaron da ya zauna wata ƙasa, ya ji harshenta, ya iya mu'amala da mutanenta. Ɗaukar irin wannan yaro aiki bayan ya dawo riba ce. Ma'aikatan ofis kuma su ne ke rubuta kasafin kuɗi, a hannunsu layin kuɗin zai shiga ko ya faɗi. Samari dai suna nan, hauyarsu a kafaɗa. Saura a ji wanda zai sa rana.