Yadda Ake Gano Bairos Mai Kashe Kaji a Ɗakin Bincike

Gabatarwa

A watan Janairu na 2006 kaji suka riƙa mutuwa da yawa a wata babbar gona a Jaji, tsakanin Kaduna da Zariya. Ido kaɗai bai isa ya tantance cutar ba, domin murar tsuntsaye da cutar Niyukasil alamunsu kusan ɗaya ne: kasala, zawo, wahalar numfashi da mutuwar farat ɗaya. Bairos ne ke haddasa dukansu, wato ƙwayar cuta wadda madubin likita na yau da kullum ba ya iya nunawa. Ga matakan da ake bi a gano shi.

Ɗaukar Samfuri

Likitan dabbobi yakan goga auduga a maƙogwaro da duburar kaza, ko ya yanki huhu da saifar wadda ta mutu. Ana kai samfurin cikin ƙanƙara, saboda zafi yana lalata bairos.

Renon Bairos

Bairos ba ya hayayyafa sai cikin abu mai rai. Saboda haka ake yi wa ƙwai mai ɗan tsako na kwana 9 zuwa 11 allurar samfurin, a ajiye shi cikin ɗumi na 'yan kwanaki, sannan a zuƙo ruwan cikinsa.

Tantancewa

Ana haɗa ruwan da jajayen ƙwayoyin jinin kaza. Idan suka dunƙule, akwai alamar bairos. To amma duka cututtukan biyu suna dunƙule jini. Don haka sai a kawo ruwan jini mai garkuwar kowace cuta daban. Wanda ya hana dunƙulewar shi ya fallasa mai laifin. Akwai kuma gwajin PCR, mai gano ƙwayoyin gadon bairos cikin sa'o'i kaɗan.

Kammalawa

Samfurin Jaji ya bi ta Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, ya wuce Padova a Italiya. Ranar 8 ga Fabrairu 2006 aka sanar da cewa H5N1 ce, karo na farko a kajin Afirka. A shekarar ta ɓulla a Nijar da Masar da Sudan. Amfanin gwajin shi ne: Niyukasil rigakafi ake yi mata, amma H5N1 tana kama mutum, sai an hallaka kajin gonar an kuma killace ta.