Shin Sitikar "Ƙara Sabis" Tana Ƙara Wani Abu?

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, babban kukan masu riƙe da ita shi ne rashin sabis. Akwai garuruwan da har yau sai mutum ya hau tudu kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. To, duk inda ciwo yake ba a rasa mai tallar magani. Maganin da ake talla a nan wata 'yar takarda ce mai sheƙi, wadda da kaɗan ta fi kan sarki na wasiƙa faɗi, an zana mata layuka masu ruwan zinariya. Wai da zarar ka manna ta a bayan waya, ko a ƙarƙashin batir, sai sabis ya cika.

Kafin mai karatu ya zaro kuɗinsa, ya kamata ya san cewa wayar da ke hannunsa ƙaramar rediyo ce, mai karɓar saƙo daga ƙarfen sabis ta kuma mayar masa da amsa. A cikinta akwai eriya wadda injiniyoyi suka auna daidai da zangon da ake aiki da shi. A zangon megahaz 900, tsawon igiyar saƙon kusan santimita 33 ne, a na 1800 kuwa kusan 17. Ita sitika ba a haɗa ta da wannan eriya ba, ba ta kuma shan wuta daga batir. Ƙara wa saƙo ƙarfi kuwa aiki ne da ba ya yiwuwa sai da wuta, kamar yadda lasifikar masallaci ba ta ɗaga muryar ladan in an ɗauke lantarki. Hasali ma, ƙarfen da aka raɓa wa eriya ba bisa awo ba yana iya rage mata aiki.

To, me ya sa wasu ke rantsuwa cewa sun ga amfaninta? A wayoyin da ake cire wa batir, dole mutum ya kashe waya kafin ya manna sitikar. Da ya kunna, sai wayar ta sake neman ƙarfen sabis, wataƙila ta dace da wanda ya fi na dā ƙarfi. Aikin kashewa da kunnawa ne, amma sitika ke shan yabon.

Sa'an nan kuma 'yan sandunan nan da ke saman waya ba ma'auni ba ne da za a dogara da shi. Kowane kamfani da yadda yake lissafa nasa, suna kuma hawa da sauka ko da mutum bai motsa ba. A shekarar 2010 kamfanin Apple da kansa ya amsa cewa lissafin da wayoyinsa na iPhone ke yi kuskure ne, sukan nuna sanduna fiye da ainihin ƙarfin sabis.

Wanda ya riga ya saya yana iya gwadawa. A yawancin wayoyin Android, cikin saiti, wajen bayanin waya, akwai lambar ƙarfin sabis da ake rubutawa da dBm. Lamba kamar -70 sabis ne mai kyau, -110 kuwa ya kusa yankewa. Sai ya ajiye waya wuri guda, ya rubuta lambar sau da yawa da sitika, ya ɓamɓare ta ya sake rubutawa, ya kwatanta.

Akwai na'urar ƙara sabis ta gaskiya, amma ba a sa ta a aljihu. Tana da eriya a kan rufi, da akwatin ƙara ƙarfi mai shan lantarki, da wata eriyar a cikin ɗaki. Ita ma sai da hattara, domin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta gargaɗi jama'a cewa sayar da ita ko kafa ta ba da izini ba saɓa wa doka ne, saboda takan dagula wa maƙwabta sabis.

Wanda sabis ke gudu a ɗakinsa, sau da yawa rufin kwano da bangon siminti ne ke tare shi. Ya matsa kusa da taga ko ya fito tsakar gida. In hakan bai yi ba, ya gwada layin kamfanin da ƙarfensa ya fi kusa da unguwarsu.