Maigida Mai Ciwon Dajin Mafitsara: Allura Da Gashi Tare Suke Tafiya

Iyaye mata, wannan ciwo na maza ne, amma jinyar a hannunku take.

A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wata tsoka kamar goro, likitoci na kiranta furostet. Daji yakan kama ta, galibi bayan shekara 50. Abincin wannan daji shi ne sinadarin mazakuta da jiki ke yi. Saboda haka likita yakan haɗa magani biyu. Allura tana hana jiki yin sinadarin, sai dajin ya ƙanƙance. Gashi da na'ura kuma yana kashe shi. In ciwon ya yi ƙarfi, haɗa su ya fi gashi shi kaɗai tsawaita rai.

Gashin ana yin sa Litinin zuwa Juma'a, mako 4 zuwa 8. Allurar kuwa duk wata ko duk wata 3, tsawon wata 6, wani har shekara 3. Nan ne ake samun matsala. An gama gashi, fitsari ya saki, sai Malam ya ce ya warke. Kada ki yarda ya bar allura sai likita ya sallame shi. Riƙe katinsa, ki tuna masa ranar.

Zai riƙa jin zafi da zufa farat ɗaya, da kasala, sha'awarsa ta ragu ƙwarai. Ba sammu ba ne, ba kuma laifin kishiya ba. Aikin allurar ne. Gashin na'ura ba ya bin kowa, yana iya ɗaukar jikokinsa.

In fitsari ya tsaya cak, a kai shi asibiti nan take.