Kakannin Ayaba da Citta a Cikin Duwatsu

Ayaba da citta da kurkum dangin juna ne a wurin masana tsirrai, duk suna cikin babban rukunin Zingiberales mai iyalai 8. Jikinsu da ganyensu ruwa ya yi musu yawa, da sun faɗi sai su ruɓe, shi ya sa da wuya a ga sawunsu a duwatsu. Abin da ya tsira shi ne iri. Ayabar daji, saɓanin ta kasuwa, cike take da ƙwayoyi masu tauri kamar tsakuwa, kuma ɓawo irin wannan yakan kwanta cikin laka miliyoyin shekaru kamanninsa ba su ɓace ba.

Mafi shahara cikin wannan burbushi shi ne Spirematospermum, sunan da Marjorie Chandler ta Ingila ta raɗa masa a 1925. Ana gane ƙwayarsa da zane-zanen da suka murɗe a jikin ɓawon. An tono shi da yawa a ramukan kwal na Jamus da Polan, wani lokaci har da ɗan itacen ɗungurungum. Wanda ya fi daɗewa an same shi a jihar North Carolina ta Amurka, ya kai kimanin shekaru miliyan 80, lokacin da dinoso ke yawo a doron ƙasa. An daɗe ana gardama a kan Spirematospermum: ɗan gidan ayaba ne ko na citta? Da aka haska cikin ƙwayoyin da na'urar hoto mai ƙarfi ba tare da an fasa su ba, hujja ta fi karkata ga citta. Haka ta faru da wani ɗan itace na duwatsun Deccan a Indiya, mai shekaru kusan miliyan 66, wanda aka daɗe ana ɗauka ayaba ce.

Shaidar dangin ayaba da ta fi ƙarfi daga jihar Oregon ta Amurka ta fito. A 1993 Steven Manchester da John Kress suka bayyana ƙwayoyin Ensete oregonense, masu shekaru kimanin miliyan 43. Abin mamaki ne ƙwarai, domin a yau Ensete a Afirka da Asiya kaɗai take tsirowa a daji, kuma wani nau'inta ne abincin miliyoyin mutane a kudancin Habasha.

Samun waɗannan tsirrai masu son zafi da laima a Turai da Arewacin Amurka ya nuna cewa yankunan sun taɓa yin ɗumi fiye da yanzu. Da duniya ta ƙara sanyi, Spirematospermum ya ƙare gaba ɗaya, sauran dangin kuma suka taƙaita galibi a ƙasashe masu zafi.