Gas a Jiragen Dakon Kaya: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

A watan Satumba na 2020 kamfanin CMA CGM na Faransa ya karɓi sabon jirginsa, Jacques Saadé, daga masu ƙira a Shanghai. Tsawonsa mita 400, yana ɗaukar kwantena wajen 23,000, kuma gas yake sha maimakon baƙin man da manyan jiragen ruwa suka saba da shi. Zance kuwa ya yi yawa. Wasu na yi wa gas kirarin maganin gurɓatar yanayi, wasu na cewa bam ne ke yawo a teku.

Masu ɗauka cewa gas ɗin girki ne ake ɗura wa jirgi sun yi kuskure. Na tukunyar girki haɗin furofen da butan ne. Na jirgi kuwa mitan ne da aka sanyaya zuwa digiri 162 ƙasa da sifili har ya zama ruwa, girmansa ya ragu kusan sau 600. Irinsa Najeriya take fitarwa daga tsibirin Bonny tun 1999.

Maganar bam ma ƙarin gishiri ce. Ruwan gas ɗin ba ya cin wuta, sai ya koma tururi ya gauraya da iska tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100. Haɗari akwai shi, amma tun 1959 ake dakonsa a teku.

Batun tsabtar hayaƙi gaskiya ne. Daga 1 ga Janairun 2020 Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ta rage farar wutar da aka yarda da ita a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5. Gas kusan ba shi da ita sam, kuma ba ya tayar da baƙin hayaƙin da ke damun huhun mazauna garuruwan tashar jiragen ruwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ɗumamar yanayi. Ƙona gas yana rage iskar kabon da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma ba duk mitan ɗin injin ke ƙonewa ba, wani yana sulalewa ta bututun hayaƙi ɗanyensa. Cikin shekara 20, mitan ya fi kabon riƙe zafi sama da sau 80, don haka ɗan abin da ya tsere yana iya cinye ribar gaba ɗaya. Injin da ke fesa gas da matsi mai ƙarfi kaɗan yake zubarwa, mai ƙaramin matsi kuwa ya fi ɓarna. Ga kuma wanda ke yoyo tun daga rijiya da bututu.

Shi ya sa a 2021 Bankin Duniya ya shawarci ƙasashe da kada su dogara da gas wajen tsabtace sufurin teku, ya fi karkata ga amoniya da haidirojin.